Kachala na toshe kogi, ruwa na cin titi: Ina ya kamata kuɗin ƙananan hukumomin Haɗeja da Nguru su fara shiga?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Haɗeja zuwa Nguru a ƙarshen damina zai ga wata doguwar ciyawa kore shar ta cika fadama hagu da dama, iya ganin ido. Baƙo kan ɗauka gonar gero ce, saboda tsawonta da zangarniyar da take fitarwa. Mutanen yankin kuwa sun san ta sarai. Sunanta kachala, kuma babu abin da ake girba a cikinta sai asara.

A wuraren da ta mamaye a yau, dattawa na iya nuna maka inda suke noman shinkafa a da, da inda suke jefa koma, da inda kwale-kwale ke bi ya kai kaya kasuwa. Wannan ɓarnar kowa ya san ta, an kuma daɗe ana kuka a kanta.

Akwai wata asarar kuma da ba a cika ɗora wa kachala ba, wato lalacewar hanyoyin mota. Idan ciyawar ta toshe kogi, ruwan ba ya ɓacewa. Yakan nemi wata hanyar, kuma sau da yawa titi ne ke tare masa gaba. Ya kwanta a gindinsa, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, ya ɓalle kwalbati, wata rana a wayi gari ƙauye ya yanke daga kasuwa da asibiti.

A takardun kasafin kuɗi, gyaran hanya shafinsa daban, cire ciyawa shafinsa daban, galibi ma ofisoshin da ke kula da su ba ɗaya ba ne. A fadamar Haɗeja da Nguru kuwa matsala ɗaya ce. Muddin ana kashe musu kuɗi a rarrabe, to kowace shekara za a sake biyan kuɗin aikin bara.

Yadda kachala ta samu gindin zama

Fadamar Haɗeja da Nguru ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe, ta taɓa Bauchi. Ana ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi ne ke cin abinci a cikinta, manoma da masunta da makiyaya. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

Koguna biyu ne ke shayar da fadamar. Kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Kogin Haɗeja kuma yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. A kusa da Gashuwa ruwansu ke haɗuwa ya zama kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ya nufi Tafkin Chadi.

A da, kogin Haɗeja yana da lokacin cika da lokacin ƙafewa. Da damina ya tumbatsa ya malale fadama, ya wanke laka da tarkacen da suka taru. Da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Kachala ba ta jure wannan bushewar, shi ya sa take tsayawa a 'yan lungunan da ruwa ba ya ƙarewa.

Abin ya sauya ne bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, dukansu a jihar Kano. Madatsun biyu ne ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Sun rage ƙarfin ambaliyar damina mai wanke kogi, sannan ana sakin ruwa har da rani domin noman rani da ruwan shan birnin Kano. Sai kogin ya koma yana ɗauke da ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, shekara zagaye. Abin da kachala ke nema ke nan. Takin zamanin da ke gangarowa daga gonakin noman rani ya ƙara mata ƙarfi.

Ciyawar na iya wuce mita uku a tsawo. Zangarniya ɗaya na ɗauke da dubun dubatar iri da iska ke kwasa, sannan saiwarta na tafiya ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsiro. Inda ta yi kauri, gudun ruwa yana raguwa, yashi da laka su kwanta, kogi ya ƙara cikewa, ita kuma ta samu sabon wurin tsayawa.

Bayan garin Haɗeja, kogin yana rabuwa gida uku: tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigar Marma mai zuba a Tafkin Nguru. Da kachala da laka suka toshe biyun farko, sai mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma. Sakamakon haka, garuruwan da ke bakin Marma da Tafkin Nguru suka koma fama da ruwan da ya ƙi janyewa daga gonakinsu, waɗanda ke gaba kuma suna kukan ƙarancinsa. Kogi ɗaya, wasu na nutsewa, wasu na jin ƙishi.

Ban da gonaki da wuraren su, cikin kachala ne tsuntsayen jan-baki ke kwana su hayayyafa, su faɗa wa shinkafa da gero da alkama. Ruwan da ya kwanta a cikinta kuma mafakar sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Daga kogi zuwa titi

Duk injiniyan hanya zai gaya maka cewa babban abokin gabar titi shi ne ruwa. Kwalta rufi ce kawai. Ƙarfin titi yana cikin ƙasar da aka daddale a ƙarƙashinta. Idan ruwa ya kwanta a gefe na tsawon watanni, ƙasar nan takan jiƙe ta yi laushi, babbar mota ta bi ta kai, kwalta ta tsage, rami ya buɗe. Hanyar burji kuwa, wadda ita ce mafi yawa a ƙauyuka, ba ta ma kai haka ba take narkewa.

A fadama akwai ƙarin matsala. Titin da aka ɗaga a kan tudun ƙasa, idan ba a yi masa isassun kwalbatoci ba, shi kansa ya zama madatsa. Ruwa ya taru a gefe ɗaya, kachala ta tsiro a wurin, ta toshe bakin 'yan kwalbatocin da ake da su. Ramukan da 'yan kwangila ke bari a bakin hanya bayan sun ɗebi ƙasa su ma sukan zama kududdufai, kachala ta kama su. Wato ciyawar na lalata titi, titin da ba a tsara shi da kyau ba kuma yana renon ciyawar.

An ga abin da hakan ke jawowa a ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma a wurare da dama sai da mutane suka koma shiga kwale-kwale a inda mota ke bi.

Idan hanya ta yanke, lissafin kowa ya rushe. Manomin tattasai yana kallon kayansa na ruɓewa a bakin gona. Mai kifi dole ya sayar a yadda aka taya. Ɗan acaɓa ya ninka kuɗi saboda zagaye. Mai naƙuda kuma, tafiyar rabin awa zuwa asibiti ta zama ta rabin yini.

Shi ya sa faci ba ya magani. Hanyar da aka zana bisa yadda ruwa ke tafiya shekara arba'in da suka wuce ba za ta jure ruwan yau ba, domin kogin ya sauya hanya. Abin da ake buƙata shi ne sake fasalinta: a ɗaga ta sama da iyakar da ruwa ke kaiwa yanzu, a ƙara yawa da faɗin kwalbatoci, a jera duwatsu a gefenta don kada ruwa ya zaizaye ta. A inda kuɗi ba zai kai a gina gada ba, ana iya zuba kankare a yi wa ruwa mashiga ta kan hanyar, ya wuce da damina ba tare da ya tafi da ita ba.

Aikin na wa ne, kuɗin na hannun wa?

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Cikinsu akwai ginawa da gyaran hanyoyi da tituna da magudanan ruwa, da kuma sa hannu wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. Manyan hanyoyi na gwamnatin tarayya ne ko ta jiha, amma kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin Najeriya suna wuyan ƙananan hukumomi ne. Su ne hanyoyin da ke haɗa ƙauye da gona da kasuwa.

A rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Suna da kashi 35 na harajin kayan masarufi, suna kuma da nasu kason a asusun kula da muhalli, wanda aka tanada domin irin su ambaliya da zaizayar ƙasa.

A takarda kuɗin ba kaɗan ba ne, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru. Sai dai kafin a zo maganar titi, akwai albashin malaman firamare, da ma'aikatan lafiya a matakin farko, da sauran ma'aikata, da fansho, da kason masarautu. An kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Sannan siminti da rodi da man dizal duk sun yi tashin gwauron zabi. Abin da ke saura na ayyukan raya ƙasa bai taka kara ya karya ba, ga kuma mazaɓu da yawa kowacce na jiran rabonta.

Akwai kuma tsohuwar matsalar asusun haɗaka. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda ta cikinsa kuɗin ke bi. An shafe shekaru ana zargin gwamnoni a sassan ƙasar nan da riƙe kuɗin suna sakin abin da suka ga dama.

A ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ba. An yi murna sosai, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Fiye da shekara ɗaya bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE na ci gaba da ƙorafin cewa ba a cika umarnin kotun ba.

Hukuncin kotu ba ya yashe kogi

Gwamnatin Jigawa ta sha faɗin cewa ƙananan hukumominta 27 na riƙe da kuɗinsu tun kafin hukuncin. To ko da an ɗauka kowane sisi ya shiga asusun da ya dace, a Jigawa da Yobe baki ɗaya, tambayar na nan: ƙaramar hukuma ɗaya za ta iya da kachala?

Ba za ta iya ba, kuma dalilin a fili yake. Famfon da ke sarrafa ruwan yana jihar Kano, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Shugaban ƙaramar hukumar Guri ko Kirikasamma ko Nguru ba shi da ikon cewa a buɗe ko a rufe Tiga. Sannan kogi bai san iyaka ba. Idan wata ƙaramar hukuma ta share nata ɓangaren maƙwabciyarta da ke gaba ba ta share ba, ruwan zai tsaya a bakin toshiyar ya dawo baya. Idan ta sama ce ta share ta bar ta ƙasa, to ta turo wa 'yar'uwarta ambaliya ne kawai.

An daɗe da gane haka. A 2006, a wani taron ƙoli da aka yi a Damaturu, jihohi shida da ke cin moriyar waɗannan koguna, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun amana na bai-ɗaya tare da gwamnatin tarayya. A 2014 Bankin Duniya ya amince da ba da bashin kimanin dala miliyan 495 ga shirin TRIMING na gyaran madatsu da filayen noman rani a Arewa, kuma kwarin Haɗeja na cikin inda shirin ya taɓa. A 2021 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. An kuma shigo da injinan haƙa masu aiki a cikin ruwa, an buɗe wasu mashigu.

Duk waɗannan sun taimaka. Rauninsu ɗaya ne: shiri yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kachala kuwa ba ta da su. Mashigar da inji ya buɗe bana, idan ba a ci gaba da bibiyarta ba, cikin 'yan shekaru ta sake rufewa. Wannan aikin na bibiya, ƙarami amma na kowace shekara, shi ne ainihin wurin da kuɗin ƙaramar hukuma zai fi amfani, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi domin ba aikin da ake yanke kyalle a buɗe ba ne.

Abin da ke kashe ta, da abin da ba ya kashe ta

Shekaru da yawa mutanen ƙauyukan fadama na fita aikin gayya, su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje suna buɗe hanya. Aiki ne mai wuya, ga matsattsaku ga macizai. Abin takaicin shi ne, idan ba a yi shi yadda ya kamata ba, wahalar banza ce.

Ƙona kachala ba ya kashe ta, domin saiwar na ƙarƙashin laka, kuma da ta samu ruwa za ta tofo. Sare ta a saman ruwa shi ma aski ne kawai. Ta cikin kararenta da ganyenta take tura iska zuwa saiwa. Idan aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya ci gaba da rufe kututturen, sai saiwar ta rasa numfashi ta ruɓe. Ana buƙatar maimaita yankan sau biyu ko uku, kafin ta fitar da zangarniya, a kuma kwashe abin da aka sare daga cikin ruwa don kada ya zama sabuwar toshiya.

Ɗaya maganin shi ne bushewa. Da za a samu yarjejeniyar rage sakin ruwa na wasu makonni a tsakiyar rani, da an samu damar yashe mashigu cikin sauƙi. Amma hakan na shafar manoman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja, don haka magana ce ta zama a teburi tsakanin jihohi da hukumar koguna. Ƙananan hukumomin fadama ba za a ji muryarsu a wannan teburin ba sai sun je da baki ɗaya.

Akwai kuma ƙoƙarin mayar da ita abin amfani. A kwarin kogin Senegal, inda irin wannan ciyawa ta bazu bayan gina madatsar Diama a 1986, ana sarrafa ta a yi gawayin girki da kayan gini. A Jami'ar Tarayya ta Gashuwa an yi bincike kan mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Wannan ba zai share fadama ba, amma idan mai yanka ya san akwai mai saye, ba sai an roƙe shi ya shiga ruwa ba.

Abin da za a iya da kuɗin da ke hannu

Na farko, kada a ba da kwangilar hanya a fadama ba tare da an fara duba hanyar ruwa ba. Masunta da masu unguwanni sun san iyakar da ruwa ya kai a 2020 da 2022, alamarsa na nan a jikin bishiyoyi da bangaye. Tambayarsu kyauta ce. Gara a yi kilomita biyu masu isassun kwalbatoci da a yi biyar da damina ɗaya za ta kwashe.

Na biyu, share bakin kwalbatoci da ƙananan mashigu ya samu gurbinsa na dindindin a kasafin kowace shekara kamar albashi, a riƙa biyan matasan mazaɓa bisa tsawon abin da suka share. Aikin gayya yana da daɗi, amma ba a ɗora rayuwar gari a kansa har abada.

Na uku, lokaci. Kuɗin da aka saki a watan Agusta na sayen buhunan yashi da tabarmi ne da kayan agaji. Kuɗin rigakafi tsakanin Janairu da Afrilu ake buƙatarsa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa.

Na huɗu, ƙananan hukumomin da ke kan mashiga ɗaya, ko da ba jiharsu ɗaya ba, su haɗa kuɗin mai da na gyaran injin haƙa, su tsara aikin tare, a fara daga ƙasa a hauro sama don ruwa ya samu mafita.

Na biyar ya rage ga mai karatu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ofishin Akanta Janar na wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, kuma ana iya dubawa a waya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun kasafi da na kwangila, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati, ba tarayya kaɗai ba.

Don haka idan kansila ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya, bayan an gaisa, ba laifi ba ne a ce masa: ranka ya daɗe, nawa aka ware wa share kwalbatocin mazaɓarmu bana? Hanyar nan da za a sake yi, kwalbati nawa aka zana mata? Kason muhalli da ya shigo, me aka yi da shi?

Ruwan Tiga da Chalawa zai ci gaba da gangarowa, kachala kuma ba za ta ƙare gaba ɗaya ba. Abin da ke hannun ƙananan hukumomi shi ne zaɓi tsakanin biyan kuɗin share mashiga da rani, ko biyan kuɗin sake gina titi bayan damina. Zuwa yanzu, na biyun aka fi biya, kuma shi ya fi tsada.